Yadda ake tsara horon ma'aikatan laburare domin a yi wa kowa hidima

Laburare yana iya cika maƙil da ɗalibai lokacin jarrabawa, shugabansa ya ɗauka aiki na tafiya daidai. Amma ɗalibai ɓangare ɗaya ne na jama'a. Akwai makaho, da kurma, da dattijuwar da ba ta yi boko ba, da ɗan gudun hijirar da bai iya yaren wurin ba tukuna. A ganina, duk shirin horar da ma'aikata da bai fara daga waɗannan mutanen da ba sa zuwa ba, ɓata lokaci ne da kuɗi. Shugabannin laburare, ga yadda za ku bi.

Mataki na farko, ku gano wa ke wajen ƙofa. Ku ɗauko rajistar masu aron littafi, ku ajiye ta kusa da alƙaluman ƙidayar yankinku. Waɗanne harsuna ake yi a gidaje? Wane rukunin shekaru ne babu shi a rajistar? Takarda ba za ta faɗa muku dalili ba, don haka sai kun taka da ƙafa. Ku je wurin ƙungiyar makafi, da masu koyar da yaƙi da jahilci, da shugabannin baƙi, ku tambaye su abin da ke hana mutanensu zuwa. Sau da yawa amsar ƙarama ce mai ciwo: matakala babu hanyar keken guragu, ko ana rufewa kafin ma'aikaci ya tashi daga aiki, ko an nemi takardar shaidar adireshi a hannun wanda ba shi da matsuguni.

Na biyu, ku mayar da kowace amsa ta zama wata ƙwarewa da ma'aikaci zai koya. Nan ne ya kamata a fi daɗewa. Idan makafi sun ce babu abin da za su karanta, sayen na'ura kaɗai ba zai wadatar ba. Sai an sami wanda ya iya kunna manhajar da ke karanta rubutun kwamfuta da murya, ya kuma san inda ake samun littattafan sauti da na rubutun makafi. Ya dace ya san Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta fara aiki a 2016. Ita ce ta ba ƙasashen da suka amince da ita damar sauya littafi zuwa sigar da makaho zai iya amfani da ita, har a aika shi wata ƙasa, ba tare da jiran izinin mai haƙƙin mallaka ba. Ma'aikacin da bai san wannan ba zai ce wa makaho “ba mu da shi”, alhali doka ta buɗe hanya. Idan kuwa matsalar yare ce, a koyi gaisuwa da tambayoyin farko a harshen baƙin, a san yadda ake neman littattafai a harshen da kuma yadda ake jera su a kanta inda ido zai gan su. Laburaren Queens da ke New York a Amurka ya kafa shirinsa na sababbin baƙi tun 1977, kuma abin koyi a ciki shi ne yadda aka haɗa tara littattafai a harsunan baƙi da azuzuwan koyon Turanci.

Na uku, kada horo ya tsaya kan manya. Wannan kuskure ya yi yawa: shugaba da mataimakinsa su ke zuwa taron ƙara wa juna sani, su dawo da takardar shaida, alhali wanda baƙo ke fara gani shi ne maigadi da mai zama a teburin karɓar baƙi. Fuskar da maigadi ya nuna wa mai shigowa da tsofaffin tufafi ita ke yanke hukuncin ko zai sake dawowa. A sa su a jerin farko.

Sai maganar kuɗi da lokaci. Ƙungiyar laburarori ta duniya, IFLA, wadda aka kafa a 1927, ta ba da shawarar a ware kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari na kasafin laburare don horo. Ba shi da yawa, amma a rubuta shi a kasafi da sunansa, domin abin da ba shi da layinsa shi ake fara yankewa idan aljihu ya yi zafi. Horon kuma ya kasance cikin lokacin aiki, a tanadi wanda zai riƙe tebur. Ba adalci ba ne a ce uwa mai reno ta yi kwas da dare a gida, a kira shi ci gabanta.

Ba kowane horo ke buƙatar tafiya ba. Ma'aikaci zai iya yin yini a wani laburare yana kallon yadda suke aiki. Kurma daga cikin al'umma zai iya koyar da maganar hannu, a biya shi haƙƙinsa kamar kowane malami. Wanda ya je taro kuwa, a ɗora masa sharaɗin ya dawo ya koya wa sauran, ya kuma kawo abu ɗaya da za a gwada.

Kowane ma'aikaci ya zauna da shugabansa a rubuta masa abu biyu ko uku da zai koya a shekara, da ranar da za a duba. Ranar dubawa kada a ƙirga yawan takardun shaida. A koma ga rajista da ƙungiyoyin da aka ziyarta: makafi nawa suka karɓi katin laburare, littattafan harsunan baƙi suna fita ko ƙura suke sha, masu keken guragu sun iya kaiwa ga kantar littattafai? Inda babu canji, a sake tambayar mutanen abin da ya rage, a gina horon shekara mai zuwa a kan amsarsu.