Yadda za ka karanta gorar maganin ƙwari kafin ka biya kuɗi

Na daɗe ina sayar da maganin feshi kusa da Tudun Hatsi a Gombe, kuma da wuya in ga wanda ya juya gora ya duba bayanta. Tambayar dai guda ce: "Alhaji, yana da ƙarfi?"

Fara duba ƙasan takardar, akwai layi mai launi. Ja guba ce mai tsanani, ruwan ɗorawa na biye, sai shuɗi, kore ne mafi sauƙi. Daga gwaji aka samo wannan rabo: a ba ɓeraye maganin, a auna adadin da zai kashe rabinsu. Shi ake kira LD50, tun 1927 ake amfani da shi.

To, a nan mutane ke yaudarar kansu. Awon nan na gubar da ke kayar da mutum nan take ne. Wadda ke cin hanta da ƙoda sannu a hankali, gwajinta daban. Tun shekarun 1970 Bruce Ames na Amurka ya fito da dabarar zuba sinadari kan ƙwayoyin cuta a ga ko yana lalata ƙwayar gado. Yanzu har ƙwayoyin hantar ɗan Adam ake rainawa a ɗakin gwaji a jarraba a kansu. Saboda haka ko kore ka saya, sa safar hannu, ka rufe hanci.

Sannan nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalbar da ba rubutu, wa ya gwada ta? Ni ko kyauta ba na ajiye ta.

Karanta sunan sinadarin da ke ciki, ƙyale babban sunan kamfani. In ka ga dichlorvos ko DDVP, kada ya kusanci waken da za a ci. Saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. In ajiyar wake za ka yi, buhun PICS mai leda biyu a ciki ya ishe ka, in ka ɗaure bakinsa tam ƙwarin za su rasa iska.

Duba kuma kwanakin da aka ce a jira tsakanin feshi da girbi, masu tumatir ku nake nufi.

In tsautsayi ya sa wani ya sha, ko ya fara dalalar da miyau da gumi bayan feshi, bar batun manja da madara. Cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu, a nufi asibiti da gorar a hannu, don sunan da ke jikinta ne zai nuna wa likita allurar da zai yi.