Yadda ake kwatanta magungunan opiyoyid wajen rage raɗaɗin ciwon daji

Tun daga 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara maganin raɗaɗin ciwon daji mataki uku: farasitamol da makamantansa, sannan magungunan opiyoyid (wato masu kashe raɗaɗi dangin mofin) masu matsakaicin ƙarfi irin su kodin da tiramadol, sannan masu ƙarfi irin su mofin, oksikodon, fentanil da metadon. Masu ƙarfin nan suna rage raɗaɗi kusan daidai da juna idan an ba da adadin da ya dace, saboda haka abin da likita yake dubawa wajen zaɓi shi ne halin jikin majinyaci.

Da farko a mayar da kowane magani ga ma'aunin mofin na sha, domin da shi ake auna sauran. Miligiram 30 na mofin na sha ya yi kusan daidai da miligiram 10 na allurarsa, ko miligiram 20 na oksikodon, yayin da ƙarfin kodin bai wuce kashi ɗaya cikin goma na mofin ba. Kodin ma sai hanta ta mayar da shi mofin kafin ya yi aiki, kuma hantar wasu mutane ba ta iya hakan sosai, shi ya sa wani zai sha bai ji sauƙi ba. Tiramadol kuwa ba a wuce miligiram 400 a rana, kuma yana iya tayar da jijjiga ga mai farfaɗiya.

Sai a duba ƙoda, wadda a ganina ita aka fi mantawa da ita. Ragowar mofin ta ƙoda take fita, don haka idan ƙoda ta raunana sai ta taru a jini, a ga majinyaci yana yawan gyangyaɗi, hankalinsa yana ruɗewa, gaɓoɓinsa suna fizga. A irin wannan hali fentanil ko bufirenofin sun fi aminci.

Ga wanda ba ya iya haɗiya, ko yake yawan amai, akwai filastar fentanil da ake mannawa a fata, a sauya ta bayan awa 72. Tana ɗaukar awa 12 zuwa 24 kafin ta kama aiki, saboda haka ba ta dace da raɗaɗin da yake ƙaruwa kullum ba, kuma ba a fara ta ga wanda jikinsa bai saba da opiyoyid ba. Zazzaɓi ko wanka da ruwa mai zafi sosai yana sa maganin shiga jini fiye da ƙima. Metadon dai a bar shi ga ƙwararru, domin yana daɗewa a jiki kuma yana iya dagula bugun zuciya.

Kowanne aka zaɓa, a sha shi a kan lokaci, kada a jira sai raɗaɗi ya taso, a kuma tanadi mai saurin aiki, kimanin kashi ɗaya cikin shida na adadin yini, saboda raɗaɗin da kan taso kwatsam. Tashin zuciya yakan lafa cikin 'yan kwanaki, amma taurin bayan gida ba ya lafawa, don haka tun ranar farko ake haɗawa da maganin sassauta ciki.

Idan illoli sun yi yawa har aka yanke shawarar sauya magani, likita zai lissafa adadin da ya yi daidai da tsohon, sannan ya rage kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari, domin sabawar da jiki ya yi da wani opiyoyid ba ta ƙetarawa gaba ɗaya zuwa wani. A kwanakin farko na sauyin a riƙa lura da numfashin majinyaci. Idan numfashin ya yi jinkiri kuma an kasa tayar da majinyacin daga barci, a nemi taimakon gaggawa domin a yi masa allurar naloson, maganin da yake warware aikin opiyoyid.