Yadda za ka bi sawun aikin gwamnati da aka yi rabi aka watsar a unguwarku

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kullum rediyo na faɗin kason da ake rabowa daga Abuja ya ƙaru, amma in ka zauna majalisa ba ka jin komi sai "ai sun cinye", ka ce su wa, nawa ne, sai kowa ya yi tsit. Ni ma haka nake har sai da bohol ɗin bayan layinmu nan Daura ya daɗe ba tanki ba sola, na ce bari dai in bi sawu.

Fara da gano mai aikin. Allon nan da ake kafawa bakin aiki, ɗauki hotonshi tun kafin iska ko 'yan gwangwan su yi gaba da shi, don nan ake rubuta ma'aikatar da ta bada kwangila da kamfanin da ya karɓa. Mu har mun gama zagin ciyaman ashe aikin mazaɓa ne, ba ruwan ƙaramar hukuma. Kuma shi aikin mazaɓa, a ƙa'ida ba a hannu ake damƙa ma ɗan majalisa kuɗin ba, shi yake zaɓar aikin sai a cusa shi cikin kasafin wata hukumar tarayya ita ta bada kwangilar, shi ya sa za ka ga aikin ruwa ƙarƙashin hukumar da ko kusa ba ta da alaƙa da ruwa, kada ka yi mamaki.

Daga nan sai ka sa data ka sauko da kundin kasafin shekarar, na tarayya yana shafin ofishin kasafi, na jiha yana shafin gwamnatin Katsina. Shafuka ne masu ɗimbin yawa, kada ka ce za ka karanta, bincika sunan garinku kawai, ka gwada rubutu kala-kala, Mai'adua da Maiadua, Dutsin-Ma da Dutsinma, don masu bugawa ba su tsaya kan ɗaya ba.

To nan ne mutane ke faɗawa rami. An sa aiki a kasafi daban, an saki kuɗi daban. Ana iya ware ma aiki kuɗi shekara ta ƙare ko sisi bai fita ba, ɗan kwangila ya kwashe kayanshi ya tafi kai kana nan kana tsine mashi. In na jiha ne, sai ka nemi rahoton da jiha ke fiddawa duk wata ukku ka ga abin da aka kashe da gaske.

In kuwa na ƙaramar hukuma ne, su 774 ne ke raba kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, hukumar ƙididdiga NBS na wallafa abin da kowace ta samu wata-wata har da namu guda 34, kuma tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyansu kai tsaye.

Sai takarda. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kwana bakwai ta ba hukuma ta amsa. Rubuta gajere, nawa aka ware, nawa aka biya, wa aka ba, ka yi kwafi biyu a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Don Allah kada ka tafi kai kaɗai, ku je da sunan ƙungiyar unguwa bayan kun sanar da mai unguwa, an fi jin kunyar taro.

In an yi shiru, ku tura hotuna da kwafin takardar ma Tracka, shirin bin sawun ayyukan gwamnati na ƙungiyar BudgIT, ko ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, wadda tun 2019 take bin ayyukan mazaɓu. Amma kada ka hau Facebook ka kira wani ɓarawo ba takarda a hannu, ka sa hoton allon da na aikin da adadin da ke cikin kasafi kawai ka tambaya ina aka kwana.