Ɗinkin Bargon Ƙyallaye: Kuskuren da Ake Farkewa da Wanda Ake Bari

Bargon ƙyallaye hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa da gutsattsarin yadi, auduga a tsakiya, sai shafi a baya, a bi su da ɗinki a haɗe su wuri guda. Fuska ɗaya tana iya cin ƙyalle ɗari biyar ko fiye, kuma yadi abu ne mai miƙewa da tsukewa. Saboda haka babu bargon da zai fita cif ta kowace kusurwa. Mai son komai ya zauna daidai yakan ƙare da farke ɗinki ɗaya sau huɗu, bakin ƙyallen ya zare, ramukan allura su buɗe, daga nan a naɗe aikin a ajiye. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ba cewa muke a yi aikin ga-shi-nan ba. Abin da ke raba mutum da wannan wahala shi ne sanin irin kuskuren da ke gabansa, domin ba duka suke da nauyi ɗaya ba. Akwai mai raunana bargo, akwai mai taruwa ya girma, akwai kuma wanda ido kaɗai ya dama.

Wanda ba a yi masa uzuri

Duk kuskuren da zai sa bargo ya buɗe a wanki, gyara shi dole ne. Ratar da ake bari tsakanin ɗinki da bakin ƙyalle rubu'in inci ce, kusan milimita 6. In ta ragu ƙasa da milimita 3 a wani wuri, zaren yadin zai zare, ɗinkin ya zame bayan wanki biyu ko uku. A farke wurin a sake. Haka ma ɗinkin da ke tsallake, da zaren da ya yi madaukai a baya: yatsa ko farce zai kama shi ya tsinka. Mafi yawan lokuta laifin zarga zare ne. A ɗaga ƙafar keken ɗinki, wato ƙarfen da ke danne yadi, a zare zaren sama gaba ɗaya a sake zargawa, domin in ƙafar tana ƙasa zaren ba ya shiga tsakanin faifan da ke ɗaure shi. In bai gyaru ba a canza allura; lamba 80/12 ta wadatar wa yadin auduga, kuma takan dakushe bayan aikin awa takwas ko makamancin haka.

Yadi mai zuba shi ma yana cikin wannan rukuni, musamman ja da shuɗi mai duhu. A jiƙa farin ƙyalle a goga masa tun kafin a yanka. In ya kama launi, a wanke yadin shi kaɗai har ruwan ya washe.

Wanda yake taruwa

A nan ya kamata mai tsantseni ya zuba ƙarfinsa, don a nan ne yake da riba. In ratar ɗinki ta ƙaru da milimita 1 kacal, kowane haɗi ya cinye milimita 2, ɗaya daga kowane ƙyalle. Layi mai haɗi 20 ya rasa santimita 4. Wannan ne ke sa a zo haɗa layuka a tarar ɗaya ya fi ɗaya tsawo, mutum ya ɗauka hannunsa ne ba shi da kyau, alhali keken ne ba a saita ba.

Gwajin ba ya cin minti biyar. A yanka zirin yadi uku, kowanne faɗin inci 1½. A haɗa su gefe da gefe, a danne da dutsen guga, a auna. Faɗin duka ya zama inci 3½, na tsakiya kuma inci 1 daidai. In bai kai ba, a matsar da allura kaɗan zuwa dama ko a liƙa tef a jikin keke a matsayin alama, a sake gwadawa. Sau da yawa sai an rage ratar da kaurin zare ɗaya ko biyu, saboda ninkin yadi da zaren kansa suna cin wuri.

Guga ita ce ɓarawo ta biyu. Kai da komo da dutsen guga yana miƙar da ƙyalle, balle wanda aka yanka a gicciye kamar alwatika. A ɗora, a danna, a ɗaga. A kwantar da ratar layi na farko zuwa hagu, ta na biyu zuwa dama, yadda in an haɗa su za su shige juna, kusurwoyi su haɗu ba tare da kokawa ba. Murabba'in da ake haɗawa da alwatika biyu kuwa, a yanka shi da ƙarin inci 1 a kan girman da ake so ya ƙare, a ɗinka, sannan a datse shi da rula. Asarar yadin ba ta taka kara ta karya ba.

Sai a sa wa kai iyaka tun kafin a fara, a rubuta ta in da hali. Ga yawancin bargunan amfani, bambancin milimita 3 tsakanin gida da gida (murabba'an da ake harhaɗawa da ƙyallaye a jera su su zama fuska) ba abin farkewa ba ne. A soka fil a ƙarshe biyu da tsakiya, a sa mai tsawon a ƙasa. Haƙoran keke da ke tura yadi daga ƙasa suna jan na ƙasa fiye da na sama, su shanye rarar. In wasu gidajen sun gaza da fiye da haka, a zagaye kowane gida da ziri mai faɗi, a datse su duka zuwa girma ɗaya. Ba wanda zai auna zirin ya gano cewa na wannan ya fi na wancan siranta.

Gefen bargo mai tasowa kamar igiyar ruwa shi ma daga tari yake. Kada a ɗora doguwar zirin gefe a yi ta ɗinki har inda ta ƙare. A auna fuskar wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki matsakaici, a yanka gefe biyu a kan wannan awon, a daidaita tsakiya da tsakiya kafin a ɗinka.

Wanda ido kaɗai ya dama

Tsinin alwatika da ɗinki ya ɗan ci, mahaɗar da ta kauce da milimita 1 ko 2, layin da ya yi ɗan lanƙwasa. Mai ɗinki yana ganinsu ne daga nisan santimita 30, ƙarƙashin fitilar keke. Ba wanda zai sake kallon bargon a haka. A shimfiɗa aikin, a ja da baya taku uku, ko a ɗauki hotonsa da waya a duba. In sai an nemo wurin kafin a gan shi, a bar shi. In har yanzu yana tsone ido, a bar shi ya kwana, a yanke hukunci da safe. Gajiya tana kumbura ƙaramin abu.

Idan an yanke shawarar farkewa, a yi ta da hankali: a yanke kowane ɗinki na uku ko na huɗu a fuska ɗaya, a juya a ja zaren ɗayar fuskar, zai fito a miƙe. Kada a ɓare ƙyallayen biyu da ƙarfi. Tsawon ɗinki milimita 2 zuwa 2.5 yana riƙewa kuma yana farkuwa. Wanda ya fi haka ƙanƙanta azaba ne. Sau biyu shi ne iyaka a wuri ɗaya. Na uku, ko dai a karɓe shi yadda yake ko a yanko sabon ƙyalle, shi ya sa ake sayen yadi da rarar rubu'in mita.

Gidan da aka ɗinka a juye yana da sauƙi in an gano shi kafin a sa auduga. A farke gefensa huɗu, a zarce da kamar inci biyu ta kowane ɓangare don hannu ya samu wuri, a juya shi, a mayar. Bayan an gama ɗinkin hawa uku kuwa, farkewar ta fi kuskuren ɓarna. A bar shi, ko a ɗora wani ƙyalle a kai a bi da ɗinkin hannu.

Akwai labarin da ke yawo cewa matan Amish, wata al'ummar Kirista ta Amurka, sukan saka kuskure da gangan, wai don kamala ta Allah ce shi kaɗai. Masana tarihin wannan sana'a ba su sami hujjar hakan ba, kuma duk wanda ya taɓa haɗa bargo ya san ba sai an gayyato kuskure ba. Abin da ya tabbata shi ne na matan ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama, waɗanda suka yi ta ɗinka barguna da tsofaffin tufafin aiki, layukansu a karkace, gidajensu ba girma ɗaya ba. A 2002 aka baje kolin aikinsu a gidan kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai New York, a 2006 kuma aka buga hotunan bargunan a kan tamburan gidan waya na Amurka. Gasa dai daban ce: alƙalai suna duba tsini da mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya nufi can sai ya ƙara tsanani.

Ɗinkin ƙarshe

A ɗinkin da ke haɗe hawa ukun ne masu tsantseni suka fi maƙalewa, fuskar ta yi kyau, ana tsoron ɓata ta. A fara da ɗumama hannu na minti goma a kan guntun hawa uku mai faɗin santimita 45, da irin zaren da audugar da za a yi aikin da su. Zaren da ya saje da launin yadi yana ɓoye rawar hannu, fari a kan baƙi yana tallata ta. Shafi mai zane-zane ya fi mai launi ɗaya rufa asiri. Layi mai lanƙwasa da gangan ya fi miƙaƙƙe sauƙi, domin miƙaƙƙe ne kaɗai ake iya cewa ya karkace. Shafi da auduga su zarce fuska da inci 4 ta kowane gefe, a kafe su da fil mai makulli kowane inci 4, a fara daga tsakiya zuwa waje. In ɗan ninki ya kama a baya duk da haka, a kwantar da shi da allurar hannu, ko a ɗora ƙyallen da ake rubuta suna da shekara a kansa.

Kada a yanke wa bargo hukunci kafin wankin farko. Audugar ciki tana tsukewa da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, fuskar ta tattare a gefen kowane layi, ramukan da farkewa ta bari su rufe, zaren ya nutse cikin yadi. A wanke da ruwan sanyi da sabulu maras kaifi, a shanya shi a shimfiɗe don nauyin ruwa kada ya ja ɗinkin, sannan a bi mahaɗun da yatsa a ga ko akwai wadda ta buɗe.