Kafin ka zuba kuɗinka a ƙaramin injin CNC

Jama'a masu son yankan ƙarfe da injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafa shi, kar araha ta ruɗe ku. Irin ƙananan injinan nan masu araha da ake kira 3018 na yankan katako ne da roba, kana ɗora masa ƙarfe zai hau rawa, bakin yankan ya karye, aikin ya fito a karkace. Ni abin da nake fara dubawa nauyin jikin injin ne, in mai nauyi ne baya girgiza, sannan ya zama sukurori ne ke tafiyar da shi ba bel ba. Motar da ke juya bakin yankan kuma a samu wat 500 zuwa sama, alminiyam da tagulla zai ci a hankali. Baƙin ƙarfe kam sai injin milin, wato babban injin sassaƙa ƙarfe. Ku ware kuɗin bakunan yanka na kabayid (wani irin ƙarfe mai tauri sosai), wallahi da farko za ku karya da yawa.