Shawara ga masu nutso a Aliwal Shoal lokacin sanyi

Salam 'yan uwa, duk mai niyyar nutso da silindar iska a Aliwal Shoal, wani tudun duwatsu a ƙarƙashin teku kudu da birnin Durban na Afirka ta Kudu, ku tuna sanyinsu daga Yuni zuwa Agusta ne, ruwan kan sauko wajen digiri 20 kuma wallahi ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki nesa ba kusa ba, don haka ku nemi rigar roba mai kaurin milimita 5 har da hula, in jiki ya fara ɓari iskar silinda ma saurin ƙarewa take, ku yi wa abokin nutso alama ku hauro a hankali. Amma fa a lokacin sanyin ruwan tekun ya fi garau tunda ba damina, ga kifayen shak sun taru. Kar ku hau jirgin sama sai bayan awa 24 da gama nutso.