Shiga Kano da keke daga ƙauye: abin da ya kamata ka shirya

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure da bayan rumbu suka sake fitowa a ƙauyukanmu na yankin Gezawa. Nawa baƙin Phoenix ne na ƙasar Sin. Da shi nake kai albasa kasuwar 'Yan Kaba, in zarce Kurmi in yo sautun mutanen gida, kuɗin mota da na Adaidaita Sahu kuwa su tafi a cefane.

In za ka saya, nemi mai ƙarfe irin na da, mai birkin sanda da kariya (wurin ɗora kaya) mai kauri, kamar Phoenix ko tsohon Raleigh idan ka dace. Kekuna 'yan gwanjo masu giya suna da daɗin tuƙi, sun kuma dace da ɗan makaranta, amma ranar da giyar ta lalace mai gyaran ƙauye zai ce sai an je birni neman kaya. Ka ɗaga sirdi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, in ba haka ba gwiwa za ta gaya maka tun kafin Jogana.

Babban abokin gabarmu tsidau ne. Dabarar da muke yi ita ce a yanke gefen tsohuwar taya a shimfiɗa ta cikin sabuwa kafin a saka tif. Keken zai ɗan ƙara nauyi, amma ƙaya ba ta kai wa ga tif da sauƙi. Duk da haka kada ka bar gida babu famfo, sholisho, guntun roba da sifana. Idan ka yi faci, hura tif ɗin ka tsoma shi a ruwa, inda kumfa ke tashi nan ne ramin. Ka goge wurin ya bushe, ka kankare shi ya yi kaushi, ka shafa sholisho, sannan ka jira har ya daina kama yatsa kafin ka manna robar. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa, su manna da ɗanyen sholisho, kafin a kai gari na gaba iska ta sake zurarewa. Ka kuma zagaya cikin tayar da yatsa a hankali, don sau da yawa ƙayar tana nan a maƙale.

A kan kwalta taya na son iska sosai. A rairayin burtali kuwa rage kaɗan ya fi, inda ya yi zurfi ka sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. Lokacin hunturu kada ka cika wa sarƙa mai, ƙura ce za ta manne ta cinye haƙora.

Kaya a raba su gida biyu, dama da hagu, a ɗaure da robar tsohon tif, wadda ta fi igiya riƙewa. Buhu ɗaya a tsaye bisa kariya shi ke ɗaga gaban keke wajen hawan tudu.

Fita bayan sallar asuba, musamman a zafin Maris da Afrilu, da gorar ruwa a rataye. A titin Haɗeja ka riƙe hannun dama, da ka ji ƙarar tirela a bayanka ka sauka gefe, iskarta kaɗai tana iya kayar da mutum. Cikin gari kuwa 'yan Adaidaita ne abin lura. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 suka cika titi, kuma ko'ina aka ɗaga musu hannu nan suke taka birki. Bar tazara tsakaninku. Idan cunkoso ya tsaya a Ƙofar Wambai, kai sai ka bi lungu ka ɓulle.

A kasuwa ka sa kwaɗo da sarƙa, ka bar shi wurin masu gadi ko gaban shagon wanda ka sani. Ka kamo hanyar gida da la'asar. In dare zai riske ka, ɗaura tocila a gaba, ka sa farar riga don direbobin da ke baya su hango ka.